HP, Dell, Lenovo ko MacBook? Abin da na gani bayan shekara takwas ina cin abinci da laftof

Jama'a kusan kullum sai wani ya same ni a shago ko ya turo min saƙo yana tambaya wai wace laftof ce ta fi kyau, HP ko Dell, shi ya sa na ce bari dai yau in zauna in rubuta abin da na sani gaba ɗaya kowa ya karanta. Ni ba mai sayar da kwamfuta ba ne kuma ba injiniya ba ne, ɗan shago gare ni a Kano inda muke taifin, muna gyara wa ɗalibai furojet, muna cike fom na makarantu, so daga safe har dare hannuna a kan kibod yake. Laftof huɗu na riƙe nawa na kaina tun 2017, ta biyar kuma aro na yi na wata biyu.

Ta farko sabuwa dal na saye ta a kwali, kuma ita ce ta fi ba ni baƙin ciki. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba zan faɗi shagon ba, don abin da ya faru da ni zai iya faruwa da kowace irin wannan ajin. Irin masu ƙyalƙyalin nan ce na roba, faffaɗan sikirin, ka gan ta a kan kanta sai ta burge ka. Na tara kuɗin kusan shekara guda kafin na saya. Wata bakwai da fara amfani sai na lura duk lokacin da na buɗe murfin ɓangaren hagu yana ɗan ƙara, ƙas, ƙas. Wata ranar Litinin da safe, akwai wata ɗaliba zaune tana jiran in buga mata babi na uku, na ɗaga murfin kawai sai robar gefen sikirin ta ɓalle, hinjin ya fito waje da ɗan guntun robar da sukurun yake ciki. Wallahi sai da na ji zuciyata ta yanke. Ban taɓa yar da ita ba, ban taɓa barin yaro ya taɓa ta ba.

Na ɗauki kwalin da rasit na koma shagon. Mai shagon ya juya ta ya ce min, Malam ai wannan karyewa ce, garanti ba ya ɗaukar karyewa. Na ce to ai ba ni na karya ba. Ya ce ko da ma yana ɗauka, sai an tura Legas, kuma kayan nan namu daga Dubai ake kawo su, garantinsu na can ne. A ranar na fara gane cewa takardar garantin da ke cikin kwali daban, abin da za ka iya samu a hannu kuma daban. Na kira lambar da ke takardar ya fi sau goma, na tura imel, amsa ɗaya aka ba ni aka ce in je cibiyar gyara mafi kusa, ba a ma gaya min inda take ba. Ƙarshe dai wani injiniya ne ya ɗaure min ita da gam da ƙaramin ƙarfe, na ci gaba da lallaɓawa, ba na rufe murfin kwata-kwata har na rabu da ita.

Wannan injiniyan shi ya buɗe min ido. Yana cikin gyaran ya jawo wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin benci ya buɗe bayanta ya ajiye kusa da tawa, ya ce duba nan maigida. Tawa sukurun hinji a cikin roba suke zaune, waccan kuwa a cikin ƙarfe. Ya ce kowane kamfani iri biyu yake yi, akwai na gida wanda ake yi da araha don a sayar da yawa, akwai na ofis wanda bankuna da manyan ma'aikatu a Turai da Amurka suke saya wa ma'aikatansu ɗaruruwa a lokaci guda, su yi aiki da su shekara uku ko huɗu su sauya, su ne suke zuwa mana a matsayin Landan yus, wato na hannu daga waje. A HP su ne EliteBook da ProBook, a Dell su ne Latitude, a Lenovo su ne ThinkPad. Tun daga ranar na daina tambayar wane kamfani, na koma tambayar wane aji.

A 2019 na sayi HP EliteBook 840 G3 ta hannu. Gaskiya ta yi min aiki, ba ta da nauyi, jikinta da ƙwari, kuma babban abin da HP ta fi kowa da shi a ƙasar nan shi ne kayan gyara. Ka shiga Beirut Road ko Farm Centre ka ce kana neman cajar HP mai shuɗin baki, kafin ka rufe baki an miƙo maka uku. Batir, kibod, sikirin, fanka, duk akwai, sabo da na cire-cire. Haka abin yake a Banex a Abuja, balle Computer Village ta Ikeja inda yawancin kayan suke fitowa. Sannan in ka tashi sayarwa HP ba ta kwantai, mutanenmu sun riga sun yarda da sunan, har akwai waɗanda in ba su ga wannan tambarin ba gani suke ba kwamfuta ba ce. Abin da zan ce a kula da shi kawai, yawan kayan nan ya sa jabu ma sun yi yawa musamman caja da batir, caja mara nauyi kamar fanko kar ka saya ko da an rage maka rabin kuɗi, araha ba ta ado.

Ta uku ita ce wadda nake rubuta wannan da ita yanzu, ThinkPad T480, kuma ba zan ɓoye ba ita nake so a raina. ThinkPad asali na IBM ne tun 1992, Lenovo ta China ta sayi ɓangaren kwamfutocin IBM a 2005 ta ci gaba da yin su da baƙin jikinsu da ɗan jan maɓallin nan na tsakiyar kibod. Ba ta da kyan gani, ƙanwata da ta fara ganinta cewa ta yi yaya wannan ai ta tsofaffi ce. Amma duk wanda yake taifin shafi arba'in hamsin a rana zai gane abin da nake nufi, maɓallan suna da ɗan zurfi da ɗan lanƙwasa da yatsa ke zama a ciki, ka wuni kana bugawa gaɓoɓin hannunka ba sa ciwo. A kibod dai ban ga wadda ta kama ƙafarta ba cikin duk waɗanda na taɓa.

Sai batir. T480 batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje wanda kake zarewa da hannu ba sai da sukurdireba ba, kuma za ka iya sauya na wajen kwamfutar tana kunne saboda na cikin yana riƙe ta. Wanda yake zaune inda wuta ba ta ɗaukewa ba zai ga muhimmancin wannan ba, amma ni da nake lissafin litar fetur na janareto, na sayi babban batir na waje na ƙara, sai in yi tun hantsi har la'asar ban tada inji ba in dai ba firinta zan kunna ba. Kuma da USB-C take caji, so fawa bank mai ƙarfin 65W yana iya ɗaga ta. Ramin ram, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, biyu ne, na fara da 8GB na ƙara ta koma 16GB da kaina ina kallon littafin gyaran da Lenovo suke sakawa kyauta a shafinsu, mai hotuna, sukuru bayan sukuru. A wurina wannan littafin ya fi min duk wata lambar waya ta kula da kwastoma amfani.

Akwai ranar da yaron shago ya ajiye min shayi a gefe, gwiwar hannuna ta ture kofin, madara da sukari suka malale kan kibod. Na danne maɓalli na kashe, na zare batirin waje, na kife ta a kan tawul. Washegari injiniya ya cire kibod ɗin daga sama, ya duba ƙasa babu abin da ya kai ga bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, muka sa wani kibod, minti ashirin an gama. Har yau tana aiki. Abu ɗaya da zan ja kunnen mai saye, T480 sikirin iri-iri ta zo da shi, akwai mai 1366x768 wanda haskensa bai kai ba, akwai mai 1920x1080, ka tabbata ka duba kafin ka biya don a waje kamarsu ɗaya. Kuma kayan gyaranta a Kano ba su kai na HP yawa ba, wani lokacin sai an yi maka oda daga Legas ka jira kwana biyu uku.

Dell Latitude 7490 kuma na saya wa shago ne, yaron da ke taya ni shi yake amfani da ita. Ba ni da dogon labari a kanta saboda ba ta ba mu labari ba, aiki kawai take yi. Abin da ya burge ni da Dell shi ne lambar nan ta Service Tag mai harafi bakwai da ke ƙasan kowace kwamfuta, ka shigar a shafinsu zai nuna maka ainihin abin da ta fito da shi daga kamfani, da lokacin da garantinta ya ƙare, da duk direbobinta, wato manhajojin da ke sa sassanta aiki, a jere. Da wannan nake gane in mai shago ya cire ram ko ya sauya SSD, wato ma'ajiyar fayil. HP da Lenovo su ma suna da irin haka da siriyal lamba, amma na Dell ya fi min sauƙin bi. Dell tana gane cajarta ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakin, in ka sa mata jabu za ta gaya maka tun a kunnawa kuma tana iya ƙin cajin batir, don haka a nema mata ta asali. A farkon 2025 Dell sun sanar da sauya sunaye, sababbin na ofis yanzu Dell Pro ake kiransu, amma a kasuwarmu Latitude za ka ci gaba da gani shekaru masu zuwa.

MacBook Air M1 ce na ara wurin wani abokina lokacin da ya yi tafiya. Maganar gaskiya a batir da sikirin ta wuce duk sauran nesa ba kusa ba, ba ta da fanka ma sam, so babu ƙara kuma babu ƙurar hunturu da za ta toshe ta, wanda duk mai laftof a Arewa ya san yadda ƙura ke cika fanka daga Disamba zuwa Fabrairu sannan zafin Afrilu ya zo ya same ta a toshe. Tun Nuwamba 2020 ta fito amma har yanzu da gudunta. Duk da haka ni ban saya ba, dalili kuwa ram da ma'ajiyarta a manne suke da bod, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe, Apple ba su da shagon kansu a Afirka sai dillalai, masu iya gyaran bod ɗinta kuma ba su da yawa kuma kuɗinsu ba wasa ba. In kai mai haɗa bidiyo ne ko mai zane kuma aljihunka zai ɗauka, bismillah. Amma in ta hannu za ka saya ka tabbata an cire iCloud ɗin mai ita, wato akawun ɗinsa na Apple, a gabanka an yi mata sabon saiti ta buɗe lafiya, in ba haka ba ka sayi ƙarfe kawai. Acer da Asus ban riƙe su ba sai dai abin da kwastomomi ke kawowa, na ga masu kyau a ciki, amma a tambayi kayan gyara tukuna.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba kuma yana ɓata min rai in na ga an cuci ɗalibi da shi, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance, in furosesa ta Intel ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sai janareshan na 8 zuwa sama, da kuma na'urar tsaro ta TPM 2.0. To kasuwa cike take da janareshan na 4, na 5, na 6, ana ce wa yaro ai Core i7 ce, shi kuma da ya ji i7 shi kenan ya miƙa kuɗin da mahaifinsa ya sha wahala ya haɗa. Lambar farko bayan i5 ko i7 ita ce janareshan, daga na 10 zuwa sama kuma lambobi biyun farko, misali i5-8250U ta 8 ce, i7-6600U ta 6 ce, kuma wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ƙarfi saboda koa huɗu gare ta, wato sassan da ke raba aiki a cikin furosesa, waccan biyu. Saboda haka ne ma na sayar da 840 G3 ɗina duk da lafiyarta ƙalau, don janareshan na 6 ce. Tunda dala ta haura naira 1,500 a 2024 kuɗin kwamfuta ya zama abin da mutum ba zai saya sau biyu ba.

Watan jiya ƙanwar nan tawa ta samu gurbi a BUK, Baba ya ce in nemo mata. Ta ce ita dai yaya ba ta son baƙar nan irin tawa, na ce to. Muka je tare, na sa aka fito da EliteBook 840 G5 guda uku, na buɗe na rufe kowace sau da yawa ina sauraren hinji, na buɗe Notepad na danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, na shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun a kunnawa, na tabbata babu fasuwod, na buga umarnin Windows na powercfg /batteryreport na duba nawa batirin yake ɗauka yanzu a kan yadda aka yi shi. Mai shagon har ya fara gajiya ya ce Alhaji ai duk lafiyarsu lau, na ce yi haƙuri ɗan uwa amana ce aka ba ni. Biyu batirinsu ya sauka sosai, ta ukun ce mai dama-dama, ita muka ɗauka, i5 janareshan na 8, ram 8GB, SSD 256GB, na sa ya rubuta siriyal lamba a rasit da sati biyu na gwaji. HP na zaɓa mata saboda in wani abu ya samu cajar tana hostel, ko ina ta shiga za ta samu wata ba sai ta jira ni ba.