Haddar rezime ko kayen tunani, wanne ya fi wa 'yan lise?

Mu malaman Faransanci a nan Garwa ta Kamaru hanya biyu muke bi wajen koyar da adabi a faramiyar da tarminal, wato aji biyu na ƙarshe a lise (babbar sakandare). Ta farko kowa ya santa, ka tsaya gaban allo ka yi musu shiftar rezimen littafi, wato taƙaitaccen bayaninsa, da tsarin disertasiyon, wato rubutun muhawara mai gabatarwa, tez (ra'ayi), antitez (kishiyarsa) da santez (haɗa su), su haddace su zubo ranar jarrabawa. Gaskiya tana da amfani, aji cike makil, littafi guda yara biyar ke rabawa, ga forobatuwar da bak, jarrabawar ƙarshen faramiyar da ta tarminal, na tafe, iyaye kuma sakamako kawai suke tambaya. Amma wallahi yaro sai ya gama shekara bai buɗe littafin ba ko sau ɗaya.

Ta biyun ita nake so duk da wahalarta. Mu karanta shafi biyu tare, sannan kowa ya buɗe kayensa, wato littafin rubutunsa, ya rubuta abin da ya taɓa masa zuciya, ba maki, ba jan biro. Ranar da na kawo Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa da ta ci lambar yabon adabi ta Goncourt ta 'yan lise a 2020, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta cika shafi uku kan auren yayarta, Faransancin duk kurakurai amma maganar tata ce. Matsalar dai duba kayen, dare nake rabawa a kai, kuma purogiram ɗin karatun shekara baya jira, shi ya sa Juma'a kaɗai nake ware masa.