Sharhi a kan wani gidan abincin Iraniyawa a unguwar Westwood

Duk wanda ya bi titin Westwood a Los Angeles, kudu da jami'ar UCLA, zai ga allunan shaguna da rubutun Farisanci, domin nan ne cibiyar Iraniyawan da suka kwararo birnin bayan juyin juya halin da aka yi a Iran a 1979, har hukumar birnin ta raɗa wa wata mahaɗa suna Dandalin Farisa a 2010. A wani tsohon gidan abinci na wannan layi nake cin abinci idan aiki ya kai ni can, kuma abin da ya riƙe ni shi ne 'yan gida ake dafa wa, ba a rage ɗanɗano don a burge baƙo.

Shinkafarsu ita ce abin yabo na farko. Doguwa ce, ta dahu warwar, an yayyafa mata ruwan za'afaran. Da ita ake kawo kubide, wato niƙaƙƙen nama da albasa da aka gasa a kan faffaɗan ƙarfe, tare da gasasshen tumatir da garin sumak mai tsami. Amma wanda ya fi burge ni shi ne tahdig, ƙanzon da mu kan bar wa yara a gindin tukunya, wanda su suke yin sa da gangan har ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, sannan su zuba masa miyar gorme sabzi ta ganyayyaki da jan wake da busasshen lemun tsami. Na ga wata dattijuwa tana gutsura wa jikanta da hannunta, tana yi masa Farisanci yana amsawa da Turanci, amma bai bar ko ƙwaya ba.

Dug ɗinsu, madara mai tsami da gishiri da na'ana'a, bai kwanta mini ba. Farashi ma da ɗan tsada, wurin ajiye mota kuwa sai an sha wahala, musamman a ƙarshen mako da lokacin bikin Nauruz, wato sabuwar shekarar Iraniyawa, a watan Maris.

Iraniyawan birnin ba addini ɗaya suke bi ba, akwai Musulmi da Yahudawa da Baha'i da Kiristoci, kuma gidajen abinci da dama suna sayar da giya. Saboda haka ina ba mai zuwa shawarar ya tambayi halaccin naman kafin ya zauna, ya kuma nemi tahdig da wuri domin yakan ƙare.