Gargaɗi: naira dubu 180 na zuba a rabon kirifto, 'yan ciki suka riga mu kwasa

Jama'a, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Naira dubu 180. Dubu 60 daga ciki kuɗin adashin matata ne, har yau ban iya haɗa ido da ita ba.

Kada wani ya ce min kwaɗayi ne ya ja ni. Ni ba sabon shiga ba ne a kirifto. Lokacin da Notcoin, wani wasan tara kirifto a Telegram, ya fashe a 2024 da idona na ga yaran unguwarmu sun cire kuɗi. Wannan kuwa wani kamfani ne da ya ce zai raba sabuwar kwandalarsa ta kirifto kyauta, na karanta takardar tsarinsu, na shiga zaurensu na Telegram, wata biyar ina dangwale, wato danna waya don tara maki, ina gayyato mutane, har ƙanena na sa. Sai suka ce wanda ya sayi ƙarin matsayi da USDT, wato kirifto mai darajar dala, kafin ranar da za a ƙidaya walat-walat, wato asusun kirifto na waɗanda za a raba wa, zai sami kaso mai tsoka.

Wurin da nake ta komawa shi ne teburin mai shayi a Tudun Wada, bayan isha'i. Yaron da ke kiran kansa wakilinsu na Arewa ya miƙo min wayarsa, ya dafa ƙirji ya ce, "Yaya, wallahi kason masu kamfani a kulle yake shekara guda, ba mai taɓa shi." Yaya ya ce min. A nan na tura dubu 120, ko shayin ban shanye ba. A'a, dubu 60 na fara turawa tun makon baya, 120 ɗin ce ta biyo. Duka dai dubu 180.

Ranar da kwandalar ta hau kasuwa, maɓallin karɓa ya ƙi buɗe mana kusan awa huɗu, wai cunkoso ne. Kafin ya buɗe farashi ya riga ya faɗi warwas. Abin da ya shigo min bai kai naira dubu uku ba.

Sun manta cewa bulokcen, wato rajistar cinikin kirifto da kowa ke iya dubawa, ba ya ɓoye shige da ficen kuɗi. Wani abokina mai gyaran waya a Kasuwar Gumi ya zauna da ni muka bi sawu a BscScan, shafin da ake duba wannan rajista. Walat-walat rututu, an buɗe su ana saura kwanaki kaɗan a yi ƙidaya, duk walat guda ce ta tura musu kuɗin gas, wato ladan aika kirifto, babu wanda ya gayyato kowa a cikinsu, amma su suka karɓi manyan kaso, suka sayar a mintunan farko muna tsaye a ƙofa. Wa ya san ranar ƙidayar in ba na ciki ba?

Na yi tambayar nan a zaure cikin ladabi. Aka goge. Na sake, aka cire ni. Wakilin nan kuwa lambarsa a kashe take.

Idan zargi ne kawai, su fito da jerin waɗanda suka karɓa, su nuna adireshin walat ɗin kamfani da shaidar kullewar. Ni zan kai ƙara EFCC da hukumar SEC mai kula da kasuwar zuba jari, tunda dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto a ƙarƙashinta.

Rabon kyauta da aka ce sai ka biya, ka bar shi. Ka duba walat ɗin masu abin tukuna.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin dubu 180 ɗin duk suna wayata, da daddare zan ɗora su.