Hayar gidan hutu a bakin teku: Ingila da Faransa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da yara. Ga bayanin da ka nema kan gidajen hutu na ƙauyukan bakin teku, tunda kuna da niyyar zuwa da iyali.

A Ingila, a yankuna irin su Konwal da Debon, hayar mako guda ake bayarwa lokacin zafi, galibi daga Asabar zuwa Asabar ko Juma'a zuwa Juma'a. Ana shiga da ƙarfe 3 ko 4 na yamma, a fita da ƙarfe 10 na safe. Za ka ba da kafin alƙalami, kamar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, sauran kuma ka cika makonni 6 zuwa 8 kafin zuwa. Kuɗin ya fi tsada daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta saboda hutun makarantu. Makullin yana cikin wani ɗan akwati a jikin bango, sai a turo maka lambobin buɗe shi. Ka rubuta su a takarda, domin sabis na waya yakan ɗauke a irin waɗannan ƙauyuka.

A Faransa farashin farko yakan yi kamar ya fi sauƙi, amma ka duba abin da ke cikinsa. Gidan Ingila yawanci da zanin gado da tawul da kuɗin shara a ciki. Na Faransa sau da yawa ko ka zo da zaninka ko ka biya haya, kuma ko ka goge gidan tas kafin ka fita ko a caje ka. Akwai kuma harajin kwana a kan kowane babba, ban da ƴan ƙasa da shekara 18. Ƙungiyar Gîtes de France tana ba gidaje maki daga 1 zuwa 5 da alamar zangarniyar alkama, wannan yana taimakawa wajen zaɓe.

Abin da na fi so ka tambaya kafin ka biya shi ne ruwan zafi. Ƙauyuka da yawa bututun gas bai kai su ba, sai tanki mai hita ta lantarki. Mutum biyu ko uku suka yi wanka a jere, ruwan ya ƙare, sai an jira awa ɗaya ko fiye kafin ya sake zafi. Iyali mai mutum shida sai sun raba wanka, wasu safe wasu dare. Wasu gidajen kuma ramin masai nasu ne na kansu, ba a haɗa su da magudanar gari ba. Kada a jefa ƙyallen goge jarirai ko a zuba man girki a ciki, toshewa yake, kuma daga kuɗin da ka ajiye wa mai gida saboda ɓarna za a cire na gyara. Tsofaffin gidajen dutse suna riƙe danshi, don haka a buɗe tagogi da safe, kada a shanya wanki a ɗakin kwana.

Shagon ƙauye ƙarami ne kuma da tsada. A Ingila Tesco da Sainsbury's suna kawo kaya har ƙofa in ka yi oda da wuri, manyan shaguna kuma awa 6 kawai suke buɗewa ranar Lahadi. Naman halal ka taho da shi daga birni.

Sai teku, kuma nan nake roƙon ka sa ido sosai. Ruwa yana cika ya janye sau biyu a rana, kusan awa 6 yana shigowa, 6 yana komawa, kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Yashin da yara ke wasa a kai da hantsi yana iya nutsewa kafin la'asar, har ruwan ya zagayo ta baya ya tare hanyar fita. Ka duba jadawalin ruwan kowace safiya. A Ingila a yi iyo tsakanin tutoci masu ja da rawaya kawai, inda ma'aikatan RNLI, ƙungiyar ceto a teku, ke tsaro. Jar tuta tana nufin kada kowa ya shiga. Ƙananan ƙauyuka da dama ba su da masu ceto ko kaɗan. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, a kira 999 a Ingila a nemi masu tsaron gaɓar teku, a Faransa kuma 196 ko 112.

A gaida Anti da yara.