OpenSecrets: shafin da ke nuna maka wa ya zuba kuɗi a zaɓen Amurka

Duk mai son sanin yadda kuɗi ke yawo a siyasar Amurka ya leƙa shafin OpenSecrets, kyauta ne kuma wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke tafiyar da shi. Bayanan da 'yan takara ke miƙa wa hukumar FEC, mai sa ido kan kuɗin zaɓen tarayya a Amurka, suke kwasowa su tsara, don a dokar can duk wanda gudummawarsa ta wuce dala 200 sai an rubuta sunansa. Kana saka sunan ɗan takara zaka ga nawa ya tara, nawa ya kashe, nawa ne daga aljihunsa, nawa ne daga masu bada ɗan ƙaramin abu.

Ni wajen da ya fi jan hankalina shine na attajiran da ke ɗaukar nauyin kamfen ɗinsu da kansu. Tun 1976 kotun ƙolin Amurka ta ce ba a ƙayyade wa ɗan takara abun da zai kashe daga dukiyarsa, to shi yasa Michael Bloomberg ya iya zuba sama da dala biliyan 1 a zaɓen fidda gwani na takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat a 2020, talla ko ta ina a talabijin da intanet, ma'aikata birjik ana biyansu albashi mai tsoka, amma a ƙarshe wurin da ya ci shine 'yan tsibiran Samoa ta Amurka, a watan Maris ya janye. Tom Steyer shima ya kashe sama da miliyan 300 a wannan zaɓen bai kai ko'ina ba. Amma kar kace kuɗi basa aiki fa, J.B. Pritzker ya kashe kusan miliyan 170 a 2018 kuma ya zama gwamnan Illinois. Idan ka jera su haka sai kaga kuɗin suna sa a san sunanka a ji maganarka, amma sauran aikin na mutane ne.

Anan ne shafin ya gaza, kuma ba laifinsu bane. Aikin 'yan sa kai baya fitowa a lissafi ko kaɗan, saboda doka bata ɗauki lokacin da mutum ya bayar kyauta a matsayin gudummawar kuɗi ba. Wanda ya tashi daga aiki a gajiye ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, wadda ta zauna tana buga waya har dare, babu su a ciki. In da lambobi kawai zaka bi a 2018 da ka rantse Joe Crowley zai murƙushe Alexandria Ocasio-Cortez a takarar kujerar majalisar wakilai a New York don ya ninka ta kuɗi sau da yawa, amma ita ta ci fidda gwanin, da ƙafar matasan da suka yi mata yawo. Wannan abun yana damuna gaskiya, don mai karatu zai iya fita da tunanin cewa wahalarsa bata da amfani tunda ba a ƙirga ta.

Sai kuma kuɗin ɓoye. Bayan hukuncin da kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Citizens United a 2010 ƙungiyoyi na iya kashe ko nawa ne, wasunsu kuma doka bata tilasta musu faɗin masu basu kuɗi ba, shafin zai nuna maka sunan ƙungiyar da abun da ta kashe amma daga nan hanya ta toshe.

Shafin da Turanci yake, kuma alƙaluman suna ɗan makara tunda sai an miƙa rahoto ake sabuntawa. Duk da haka ina bada shawararsa sosai, musamman ga 'yan jarida da ɗalibai da wanda ke shirin yi wa wani ɗan takara aikin sa kai yana son sanin su waye a bayansa kafin ya sa ƙafa.