Nescafe ko gahawar dafawa? Amsa ga ɗan uwanmu na Daura

Wani ɗan uwa daga Daura ya yi tambaya a zauren nan. Ya ce ya saba shan Nescafe wajen mai shayi, sai wani alhaji ya kawo masa tsarabar garin gahawa daga Saudiyya. Ya zuba cokali ɗaya a kofi, ya kwara ruwan zafi, ya juya, garin ya ƙi narkewa, ruwan ya fito salam, ga tsaki cike da baki. Yana so ya san ko ta lalace ne, kuma wacce ta fi a cikin biyun.

Malam, gahawarka lafiyarta ƙalau. Ka yi mata irin haɗin da ba nata ba ne.

Nescafe da ire-irenta an riga an dafa su a masana'anta, aka tace, sannan aka busar da ruwan har ya koma gari. Aikinka kawai ka mayar mata da ruwanta. Ita kuwa ta hannunka ƙwayar gahawa ce da aka soya aka niƙa, ko kwana ta yi a ruwa ba za ta narke ba. Sai ruwan zafi ya jawo ɗanɗanon daga cikinta, kai kuma ka raba ruwan da dusar.

Ta narkewa, wato irin su Nescafe, ba ta da dogon bayani. Cokalin shayi ɗaya, wajen giram 2, a ruwan da bai kai cikin kofin shayi ba. Ka fara dama garin da ɗan ruwan sanyi, sannan ka zuba ruwan da aka sauke ya huta minti ɗaya. Ruwa mai tafasa kai tsaye yana ƙara fito da ɗacinta. Yawancin irinta da nau'in ƙwayar gahawa mai suna Robusta ake yi, wadda ta fi ɗaya nau'in mai suna Arabika ɗaci, kuma sinadarin kafin da ke hana barci ya kusa ninka na Arabika a cikinta. Shi ya sa take karɓar madara da sukari sosai. 'Yar ledar nan mai haɗi uku kuwa, juya bayanta ka karanta: abin da aka fara lissafawa shi ya fi yawa a ciki, kuma galibi sukari ne.

Gahawar gari ita ce mai aiki, kuma kafin ka ɗora tukunya sai ka dubi launinta, domin launin ne ke faɗa maka yadda za a dafa ta.

In ta yi haske, kamar launin soyayyar gyaɗa, irin ta mutanen Saudiyya ce, suyarta ba ta yi nisa ba. Wannan tana son wuta. Auna da ruwan leda, tunda leda ɗaya rabin lita ce. Ka tafasa leda ɗaya, ka zuba cokalin cin abinci biyu masu tozo, ka rage wuta ta riƙa ɓararraka a hankali minti 10 zuwa 15. Ka tsaya a kanta, don kumfarta na tasowa ta zube kamar madara. Sai ka sauke, ka jefa dakakken hel (kayan ƙamshin da ake kira cardamom da Turanci) cokalin shayi ɗaya, in ba a riga an haɗa mata ba, ka rufe minti 5 dusar ta kwanta, ka tsiyaye a fulas ta rariyar shayi. Hel a ƙarshe ake sa shi, in ya daɗe a wuta ƙamshinsa ya bi tururi. Ba a sa mata madara, ba a sa sukari. A finjali ake sha kaɗan-kaɗan, dabino ne sukarinta. Wanda ya saba da baƙar Nescafe zai ga kamar ba ta dahu ba saboda ta fito ruwan ɗorawa, alhali haka take.

In kuma garin baƙi ne ko ya yi duhu sosai, kada ka kuskura ka yi masa wannan doguwar tafasa, zai fito da ɗaci kamar maɗaci da warin ƙauri. Wannan jiƙa shi ake yi. Ma'aunin da masu sana'ar suka fi bi shi ne giram 60 a lita ɗaya, wato giram 30 a ruwan leda guda, kusan cokalin cin abinci biyar zuwa shida a shafe. Ka tafasa ruwan, ka sauke, ka ƙirga sakan 30 zuwa 60 ya sauko tsakanin digiri 90 da 96. Ka fara jiƙa garin da ɗan ruwa kaɗan. In sabo ne za ka ga ya kumbura yana kumfa, iskar da suya ta bari a ciki ce ke fita. In ya kwanta shiru ko motsi babu, ya tsufa, kada ka sa ran ƙamshi. Bayan rabin minti ka ƙarasa ruwan, ka juya sau ɗaya, ka rufe minti 4, ka tace da farin ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko. Amma a ware masa nasa ƙyallen, tsamin gasara ba ya barin yadi.

Nan ne yawancin kuskure yake. Ta fito da tsami kuma ba nauyi: ruwan ya huce da yawa, ko niƙan ya yi gwari-gwari, ko ka yi gaggawar tacewa. Ta fito da ɗaci mai kama maƙogwaro: niƙan ya yi laushi da yawa ko ta wuce lokacinta a ruwa. Niƙan jiƙawa ya zama kamar garin kwaki. Mai laushi kamar garin tuwo na masu dafawa irin ta Turkawa da Sudan ne, su ba sa damuwa da ɗan laka a gindin finjali. In ƙwaya ka samu ba gari ba, ka daka iya abin da za ka sha a ranar, kuma kada a turmin yaji, sai dai in kana son gahawa mai ƙanshin daddawa.

Ruwa ma yana da nasa. Burtsatsen da ke barin farin ɓawo a gindin buta yana dushe ɗanɗanon gahawar gari, ita ta narkewa ba ta cika nunawa ba. Da hunturu kuma ka ɗauraye kofin da ruwan zafi tukuna, in ba haka ba kafin ka kai baki ta huce.

Kayan ƙamshinmu na gida suna shiga da baƙar gahawa. Sudaniyawa citta suke sa wa tasu, mutanen Senegal kuwa da kimba suke haɗa gahawarsu ta Tuba. Kanumfari biyu sun ishi ruwan leda guda, in ya wuce haka shi kaɗai za ka ji.

To wacce ta fi? Wajen ɗanɗano da ƙamshi, ta gari ta yi wa ta narkewa nisa, musamman in Arabika ce, irin wadda ake nomawa a Habasha da Yaman, har da tsaunin Mambila a Taraba. Wajen sauri da juriyar ajiya, ta narkewa ce gaba: gwangwani a rufe yakan yi watanni, sai dai damina tana dunƙule shi in cokali mai laima ya shiga. Garin gahawa kuwa da an buɗe shi ƙamshin ya fara tafiya, zafin bazarar Katsina kuma yana ƙara masa sauri. Ka juye shi a kwalba mai murfi, ka ajiye nesa da rana da murhu, ka shanye cikin mako biyu zuwa uku.

Duk wadda ka zaɓa, likitoci sun sa iyakar sinadarin kafin ga baligi mai lafiya a miligiram 400 a yini, wajen kofi huɗu na dafaffiya, mai juna biyu kuma rabin haka. Rabin abin da ka sha yana nan a jiki bayan awa 5, don haka mai son ya yi barci da wuri ya tashi Asuba garau ya tsayar da ita daga La'asar.