Gore, Zanzibar ko Lamu: wane tsibiri ya fi dacewa da matafiyi daga arewacin Kamaru da Chadi?

Idan Allah ya hore wa mutumin Garwa, ko Marwa, ko Ngaundere, ko Njamena abin da zai fita hutu da iyalinsa zuwa wata ƙasa, Dubai ko Istambul ne suka fi saurin zo masa a rai, domin can 'yan kasuwarmu suka saba zuwa. Amma a gaɓar nahiyarmu akwai tsofaffin tsibirai uku da suka cancanci a auna su kafin a sayi tikiti: Gore da ke gaban birnin Dakar a Sanagal, da Zanzibar a Tanzaniya, da Lamu a Kenya. Dukansu hukumar UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya, Gore a 1978, tsohon garin Zanzibar a 2000, Lamu kuma a 2001, kuma a dukansu Musulmi ne mafi rinjaye, saboda haka batun abincin halal da wurin salla ba zai wahalar da kowa ba. Masu tallar tafiye-tafiye kan nuna su da hoto iri ɗaya, ruwa shuɗi da kwale-kwale, alhali abin da mutum zai samu a kowannensu ya sha bamban, haka ma wahalar isa gare shi daga inda muke.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne lokacin tafiya, domin shi kaɗai yana iya yanke hukunci. Watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara ke gasa Marwa da Njamena har mutum ya yi marmarin iskar teku, su ne watannin babbar damina a Zanzibar, kuma ruwan Lamu yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni. Wanda ya je a wannan tsakani zai samu masauki da araha, amma zai iya shafe kwanaki yana kallon ruwan sama ta taga. A daidai waɗannan watanni kuwa Dakar tana cikin rani mai sanyin iska, sai wajen Yuli damina ke sauka mata da zafi da gumi har zuwa Oktoba. Ke nan mai gudun zafin bazara ya fuskanci yamma. Mai jiran babban hutun 'yan makaranta kuma, wato Yuli da Agusta, gabas ta fi masa, domin daga Yuni zuwa Oktoba Zanzibar a bushe take kuma da sauƙin zafi, ko da yake a lokacin ne Turawa ke cika ta, kuɗin ɗaki ya tashi.

Gore ƙaramin tsibiri ne ƙwarai, tsawonsa bai wuce mita 900 ba, babu mota a cikinsa, kuma jirgin ruwa na ɗaukar kimanin minti 20 daga tashar Dakar. Turawan Fotugal, da na Holan, da na Ingila, da na Faransa duk sun riƙe shi a lokuta daban-daban. Abin da ya fi jan mutane shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18 aka mayar da shi gidan tarihi a 1962, inda marigayi Boubacar Joseph Ndiaye ya shafe shekaru masu yawa yana ba baƙi labarin ƙananan ɗakunan da ke ƙasa da ƙofar nan mai fuskantar teku da ake cewa wanda ya fita ta cikinta ba ya dawowa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, kuma da yawansu na ganin cewa Gore ba ta cikin manyan tashoshin cinikin bayi idan aka kwatanta ta da na gaɓar Benin, inda ta can ne aka fitar da akasarin Hausawan da suka tsinci kansu a Bahiya ta ƙasar Barazil. A ganina wannan saɓani bai rage wa wurin nauyi ba, kuma ya kamata uba ya gaya wa 'ya'yansa gaskiyar lamarin ta ɓangarorin biyu, tare da tuna musu cewa farautar bayi ta taɓa yankinmu ma, ko da yake yawancin waɗanda aka fitar daga nan zuwa ƙasashen waje ta Sahara aka bi da su.

Akwai kuma wani tarihin da masu yawon buɗe ido kan tsallake. A Gore aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa a 1914, wanda sabon filin jirgin saman Dakar ke ɗauke da sunansa, kuma a nan makarantar horar da malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, makarantar da ta yaye shugabanni irin su Modibo Keita na Mali da Hamani Diori na Nijar. Ga ɗalibin da ya yi karatun boko da Faransanci, ganin wannan gini ya isa dalilin zuwa.

Fa'idar Gore ga mutanenmu a fili take: Faransanci ake yi, don haka babu buƙatar tafinta, kuma 'yan Afirka na biyan kuɗin jirgin ruwa ƙasa da na sauran baƙi, muddin suna riƙe da fasfo. Sai dai a kula da batun kuɗi, domin nan mutane ke yin kuskure. Sefar Afirka ta Tsakiya da muke kashewa da sefar Afirka ta Yamma darajarsu ɗaya ce, kowace 655.957 a kan Yuro guda, amma bankuna biyu ne ke buga su, kuma takardar kuɗinmu ba ta sayen ko ruwan sha a Dakar sai an canza, mai canji kuma zai cire nasa. Gara a tafi da Yuro ko da katin banki da aka tabbatar yana aiki a waje. Raunin Gore shi ne ƙanƙantarta: wuni ɗaya ya ishi mutum ya zagaye ta, ko ya kwana ɗaya idan yana son ganin ta da yamma bayan baƙi sun watse. Wanda ya zaɓe ta, hutun Dakar ya zaɓa, kuma Dakar birni ne mai tsada, filin jirginsa ma yana da nisan kusan kilomita 50 daga tsakiyar gari.

Zanzibar ita ce ta fi cika sharuɗɗan hutun mako guda ko fiye, domin ta haɗa tsohon gari, da gonaki, da bakin teku mai faɗi. A wajen 1840 Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa nan, kuma arzikin kanumfari da hauren giwa da bayi ne ya gina dogayen gidajen dutse masu sassaƙaƙƙun ƙofofi da ake gani a lungunan tsohon garin. An rufe kasuwar bayi a 1873, aka gina majami'ar Angilikan a gurbinta, kuma har yanzu ana shiga a ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayanan da aka tanada. Fadar Baitul Aja'ib da Sarki Barghash ya gina a 1883 ta rufta ta wani ɓangare a Disamba 2020, don haka kada a gina shirin tafiya a kan shiga cikinta ba tare da an tambayi halin da gyaranta yake ciki ba. Mai sha'awar tarihin Musulunci ya ware rabin wuni ya je Kizimkazi a kudancin tsibirin, inda wani ƙaramin masallaci ke ɗauke da rubutun Kufi na shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, shaidar cewa addini ya kafu a wannan gaɓa tun da daɗewa. Ziyarar gonakin kayan yaji, inda ake nuna bishiyar kanumfari da kirfa da masoro a raye, ita ce abin da na ga ya fi burge iyayenmu mata, waɗanda suka san waɗannan abubuwa a busasshe kawai.

Akwai abubuwa biyu da mai iyali zai yi la'akari da su sosai. Na farko, bakin tekun arewa, wato Nungwi da Kendwa, an tsara shi ne domin baƙi daga Turai, akwai mashaya da kiɗan dare da shigar wanka irin tasu, kuma magidancin da zai ji nauyin 'ya'yansa su ga haka ya fi kyau ya sauka a cikin tsohon gari, inda mata ke fita da lulluɓi kuma kiran salla ke tashi daga kowace kusurwa, ya riƙa zuwa teku da rana yana dawowa. Na biyu shi ne takardu. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 hukumomin Zanzibar sun wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta gwamnatinsu, dala 44 ga babba, ko da mutum yana da wata inshorar, ga kuma kuɗin bizar Tanzaniya. Masu fasfon Chadi su ƙara kula, domin ƙasarsu ta daɗe cikin jerin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni. Kada a biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa kafin wannan amsa ta fito.

Lamu ce ta fi kwanta mini a rai, kuma ita ce ta fi wuyar zuwa. Garin ya shafe ƙarnoni ana zaune a cikinsa ba yankewa, lungunansa sun matse yadda mota ba ta iya shiga, jakuna ne ke ɗaukar yashi da buhunan abinci da mutane, kuma wanda ya san tsofaffin unguwannin Kano zai ga kamanni a yadda gidaje ke ba titi baya suna buɗewa zuwa tsakar gida, ga dakali a bakin ƙofa inda dattawa ke zama. Zuciyar garin ita ce masallacin Riyadha, wanda Habib Salih, sharifi ɗan asalin Hadramaut da aka haifa a tsibiran Komoro, ya kafa tare da makarantarsa a ƙarshen ƙarni na 19, kuma daga nan ne bikin Mauludin Lamu ya samo asali, wanda ake yi a ƙarshen watan Rabi'ul Awwal, jama'a na zuwa daga ko'ina a gabashin Afirka. Ga malami ko almajirin da ke son ganin yadda karatu da yabon Annabi suka zauna a wata al'umma da ba tamu ba, babu na biyunta cikin ukun. Ga mai son teku kuma, ƙauyen Shela na nan kimanin kilomita 3 daga gari, da rairayi mai tsawo wanda ba shi da cunkoso.

Dole ne a faɗi batun tsaro ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma mutanen da suka ga abin da Boko Haram ta yi a lardin Arewa Mai Nisa da gaɓar Tafkin Chadi ba sa buƙatar dogon bayani. Mayaƙan Al-Shabab sun kai hare-hare a ɓangaren tudu na gundumar Lamu, ciki har da na Mpeketoni a Yuni 2014 da na sansanin soja a Manda Bay a Janairu 2020. Tsibirin kansa ya fi samun kwanciyar hankali, amma shawarata ita ce kada a bi hanyar mota daga Malindi don a rage kuɗi. A hau ƙaramin jirgin sama daga Nairobi ko Mombasa zuwa filin da ke tsibirin Manda, daga nan kwale-kwale ya tsallakar da mutum cikin 'yan mintoci. Wannan ƙarin jirgi yana ƙara tsada, kuma yana taƙaita nauyin kaya. Wanda ke tafe da tsoho ko maras lafiya ya tuna cewa manyan asibitocin ƙwararru suna nesa.

Game da hanya, babu jirgin da zai ɗauki mutum kai tsaye daga yankinmu zuwa ɗaya daga cikin ukun. Mutumin Marwa ko Kusiri ya fi kusa da filin jirgin Njamena, inda ake bi ta Addis Ababa zuwa Zanzibar ko Kenya, ko a bi ta Lome zuwa Dakar. Na Ngaundere yana da jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, daga can ko daga Duwala ya tashi, na Garwa kuma ya auna tsakanin hanyoyin biyu, yana lissafa kuɗin kwana a hanya tare da na tikiti. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga duk wanda ya fito daga Kamaru ko Chadi, a duk inda aka nufa cikin ukun. A gabashin Afirka Sawahili da Ingilishi ake yi, Faransanci ba ya kai mutum nesa, ko da yake mai Larabci zai samu wanda zai fahimce shi a masallatan Lamu da Zanzibar, kuma dalar Amurka ce ta fi sauƙin canzawa, musamman sababbin takardu.

Da za a tambaye ni, mai fita karo na farko, mai kwana huɗu ko biyar a hannu, ko mai fasfon Chadi da ba shi da lokacin jiran biza, zan ce ya tafi Gore tsakanin Disamba da Mayu. Magidanci da ke da mako guda a hutun makaranta ya tafi Zanzibar ya sauka a tsohon gari. Lamu kuwa ta manya ce masu haƙurin hanya, kuma wanda ya nufi Mauludi ya kama masauki watanni kafin lokacin, domin garin ƙarami ne kuma ɗakuna kan ƙare da wuri. Ko'ina aka zaɓa, a sa ido a kan yara a bakin ruwa, domin wanda ya iya iyo a Binuwai ko a Logon bai san yadda teku ke janyewa ta dawo sau biyu a rana ba, kuma kada a shiga kwale-kwalen da aka cika fiye da kima ko wanda babu rigar ceto ga kowane fasinja a cikinsa.